Hannunka ba ya ruɓewa: tunani a kan korar ɗa daga gida a ƙasar Kurfai

A cikin dukan hukuncin da uba yake iya yanke wa abin da ya haifa, babu wanda ya kai kora nauyi. Ciwon duka yana warkewa, faɗa yana wucewa, gabar shekara guda ma takan ƙare da gaisuwar Salla. Amma wanda aka ce ya tattara nasa ya nasa ya fita, an raba shi a dare ɗaya da ɗakin kwana, da tukunyar tuwo, da gonar gandu, da kuma amsar da yake bayarwa idan an tambaye shi ɗan gidan wane ne. A ƙasar Kurfai, inda garin Filinge yake zaune cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, gida shi ne asusun talaka, shi ne kuma asibitinsa na farko. Babu wata ma'aikata da take tsaye a bayan darni tana jiran ta karɓi wanda dangi suka saki.

Akwai wani rukuni na ƴaƴa da wannan hukunci ya fi saurin faɗawa a kansu, kuma su ne aka fi jin nauyin ambata a bainar jama'a. Akwai saurayin da tafiyarsa da muryarsa da sha'awarsa ta aikin madafa suka sa aka laƙaba masa daudu. Akwai wanda ake zargi da luwaɗi, da yarinyar da ake zargi da maɗigo. Akwai kuma mata-maza, wanda Allah ya halitta da jikin da ya rikita ungozoma tun ranar haihuwa. Ƙungiyoyin ƙasashen waje suna tara su duka ƙarƙashin haruffan LGBTIQ, Hausa kuwa ta raba musu suna tun da daɗewa, domin ta san ba abu ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne hanyar da suke bi su wayi gari a rumfar tasha.

Tambayar da ke gaban mai karatu ba ta bukatar ya sauya aƙidarsa kafin ya amsa ta. Mafi yawan mutanen Kurfai Musulmi ne, kuma abin da malamansu suka karantar game da saduwar jinsi ɗaya sananne ne. Tambayar ita ce: ƙin halin mutum yana ba da izinin a hana shi makwanci? Ko kuwa waɗannan abubuwa biyu ne dabam, waɗanda fushi da kunya suke ɗaure su wuri ɗaya a daren da magana ta fasu?

Korar da take sanye da rigar cin rani

A manyan biranen Turai da Amurka, marar gida yana kwance a bakin titi inda kowa yake ganinsa, har masu bincike suna iya ƙidaya shi. A shekarar 2012 Cibiyar Williams ta jami'ar Kaliforniya ta tambayi ma'aikatun da ke kula da matasa marasa matsuguni a Amurka, ta tarar kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suke taimako daga wannan rukuni suke, kuma babban dalilin fitarsu shi ne ƙin da iyaye suka nuna musu. A Ingila an kafa gidauniyar Albert Kennedy a birnin Manchesta a 1989, da sunan wani yaro ɗan shekara 16 da ya mutu a wannan shekara yana gararamba tsakanin gidan renon hukuma da titi. A Faransa an kafa ƙungiyar Le Refuge a Mompeliye a 2003 domin saukar da matasan da iyayensu suka kora.

A Kurfai al'amarin yana ɓoyuwa, kuma dalilin ɓoyuwarsa yana cikin tsarin rayuwar ƙasar. Da zarar an ɗaure damman hatsi an cika rumbu, samari sukan kama hanyar biɗa: Yamai, Kwatano, Lome, Akara, Abijan, Legas. Tafiyar saurayi bayan kaka ba abin tambaya ba ce. Saboda haka uban da ya kori ɗansa ba ya bukatar ya yi wa kowa bayani. Ya isa ya ce yaro ya tafi cin rani. Sai damina ta faɗi, sa'o'insa su dawo da buhun shinkafa da turmin atamfa, shi kuwa shiru, sannan maƙwabta su gane, su kuma kama bakinsu. Shi wanda aka kora yana can tashar Wadata ko kasuwar Katako, amma halinsa ya bambanta da na sauran ƴan cin rani ta fuska ɗaya mai girma. Ɗan cin rani yana sauka wurin ƴan garinsu, su ba shi tabarma, su nuna masa inda ake samun dako ko tallar ruwa. Wanda labarinsa ya riga shi isowa ta wayar salula ba ya iya kusantar wannan rumfa. An kore shi daga gida, an kuma kore shi daga inuwar gida da ke bin Bakurfaye duk inda ya je.

Halin ɗiya mace ya fi tsanani. Al'ada ba ta buɗe mata ƙofar biɗa kamar yadda ta buɗe wa namiji ba, kuma mace marar miji da marar uba a baƙon gari, an riga an yanke mata suna kafin ta buɗe baki. Ɗan makaranta ma yana da nasa haɗarin. Yaran ƙauyuka da suke zuwa kwalej ko lise a Filinge da yawansu suna zaune ne a hannun masu riƙo. Jita-jita guda ta isa mai riƙo ya ce ba zai iya ba, kuma ranar da yaro ya rasa masauki, ranar ya rasa karatu.

Abin da ƙasar ta riga ta gani

Kurfai ba baƙuwar kora ba ce. A shekarar 1925, a ƙauyen Cikal, wata mace mai suna Shibo ta jagoranci wata sabuwar ƙungiyar masu hawan iska, waɗanda aka sani da Hauka ko Babule. Iskokinsu suna kwaikwayon sojoji da kwamandojin Nasara, mabiyansu kuma suka ƙi bin Mayaƙi Gado Namalaya, sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi. Kwamandan Yamai, Croccichia, ya sa aka kama su aka tsare, daga baya aka fitar da wasunsu daga ƙasar. Abin da masu mulki suka yi fata shi ne al'amarin ya mutu. Sai ga shi ya bi sawun ƴan cin rani har Gwalkwas, ya yi rassa a can, har Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Les Maîtres fous a wajen Akara, wanda ya fito a 1955. Shi kansa kwamandan da ya tsare su ya koma ɗaya daga cikin iskokin da suke hawa.

Ba a kawo labarin Babule don a daidaita shi da batun da ake ciki ba, domin kowanne da asalinsa. Darasi ɗaya kawai ake so a ɗauka: kora tana kawar da mutum daga ido, amma ba ta taɓa abin da aka kore shi dominsa. Uban da yake zaton titi zai gyara masa ɗa ya manta irin malaman da ke koyarwa a titi. Yunwa tana koyar da sayar da abin da ba a so a sayar, tsoron jandarma yana koyar da gudun asibiti, kuma cutar sida ta fi samun wuri inda mutum ba ya iya cewa a'a domin yana neman inda zai kwana.

Ita kuma wannan ƙasa ta san ɗaya fuskar, wato karɓar wanda ba shi da wurin zuwa. Yunwar 1931 da ta biyo bayan fara ta watsa gidajen yammacin Nijar, haka ma farin 1973 da na 1984, kuma waɗanda suka rayu sun rayu ne domin wani ya buɗe musu zaure. Tun 2012 garin Abala, arewa da Filinge, ya sauki dubban ƴan gudun hijira daga Mali. Bayan haka rikicin iyaka ya raba ƙauyuka da yawa na jihar Tilaberi da mazaunansu. Mutanen da suka raba ƙwaryar fura da baƙon da ba su san kakansa ba, ba sa bukatar wani ya zo daga ƙetare ya koya musu darajar makwanci. Abin tambaya shi ne yadda aka yi wannan karamci yake tsayawa a kan ɗan cikin gida.

Hujjar uba

Ba adalci ba ne a ɗauki uban da ya yi kora a matsayin azzalumi marar zuciya. Sau da yawa mutum ne da tsoro ya cika. Yana da ƴaƴa mata da ake nema da aure, kuma ya san dangin miji suna bincike. Yana da ƙananan yara maza da yake fargabar su ɗauki hali. Yana da sahu a masallaci da wurin zama a majalisa, ya kuma san yadda hira take mutuwa idan ya iso. Sama da duka, yana jin cewa idan ya bar yaron yana cin tuwonsa, to ya yarda da abin da Allah ya hana, kuma za a tambaye shi ranar gobe. Idan aka matsa masa, zai ce ai akwai hadisi a Buhari da ya yi umurni a fitar da maza masu kamanta kansu da mata daga gidaje.

Wannan hujja tana da nauyi, kuma ba a amsa ta da tsaki. Ana amsa ta ne daga cikin littattafan da shi uban yake girmamawa.

Abin da littattafan zaure suka tanada

Labarin da malamai suka fi dangantawa da wancan hadisi shi ne na wani mutum mai suna Hitu, wanda yake shiga wurin matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin ana ɗauka ba shi da sha'awar mata. Ranar da aka ji shi yana siffanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa ga wani namiji, sai aka hana shi shiga, aka fitar da shi wajen Madina. Laifin da aka kama shi da shi tona asirin mata ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da aka nuna wa Annabi mutumin zai mutu da yunwa, sai ya yi masa izini ya riƙa shigowa gari sau biyu a mako yana neman abinci. A wata ruwayar ta Abu Dawuda, da sahabbai suka nemi izinin kashe wani mai irin wannan hali, Annabi ya hana, domin mutumin yana salla. Imamu Nawawi kuma, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da motsi, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda yake ƙirƙirar halin da gangan. Duk wanda ya dubi waɗannan ruwayoyi zai ga cewa ko a inda aka yi fitarwa, shugaban al'umma ne ya yanke ta, a kan laifin da aka ji da kunne, zuwa wuri sananne, tare da tanadin abin da za a ci. Tsakanin wannan da jefa jakar yaro ɗan shekara 15 ta kan darni da tsakar dare akwai tafiya mai nisa.

Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Filinge har Katsina, ta tsananta hukunci a kan luwaɗi, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Amma mazhabar Malikiyya ta sa hukuncin a hannun alƙali, ta kuma gindaya shaidu huɗu da suka gani da ido, ta tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi wani da wannan zargi bai kawo shaidu ba. Ita dai Risalar ta wajabta wa uba ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, da ɗiyarsa mace har ta tare a gidan miji. Mafi yawan korar da ake yi kuwa ba ta da shaida ko ɗaya. Tana tasowa ne daga hoton da aka gani a waya, ko saƙon WhatsApp da aka tura wa baffa, ko maganar abokin gaba, ko kuma yadda yaro yake karkaɗa hannu idan yana magana. Suratul Hujurati ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane, Suratun Nuri ta hana shiga ɗakin wani ba da izini ba. Uban da ya gina kora a kan bincike da zato ya taka hani biyu bayyanannu domin ya guje wa laifin da bai tabbata ba.

Game da mata-maza, maganar ta fi fitowa fili. Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da manyan almajirai suke kammala fiƙihu da shi, ya rufe ne da bayanin gadon wanda aka kasa tantance ko namiji ne ko mace, inda ya ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Malaman da suka zauna suka lissafa masa rabonsa a cikin gidan ubansa ba su ɗauke shi abin jefarwa ba.

Saura tsoron da ya fi damun uba mai imani, cewa ciyarwa yarda ce. Alƙur'ani ya kawo misalai biyu da suka warware wannan ƙulli. Na farko shi ne Misɗahu, ɗan'uwan Sayyidina Abubakar, matalaucin da yake ci daga hannunsa, wanda kuma ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi ko ƙwayar dabino ba. Aya ta 22 ta Suratun Nuri ta sauka tana hana masu wadata irin wannan rantsuwa a kan danginsu, Abubakar kuwa ya mayar masa da abin da yake ba shi. Babu wanda ya fahimci cewa Abubakar ya yarda da ƙazafin da aka yi wa ɗiyarsa. Na biyu shi ne Annabi Nuhu, wanda Suratu Hudu ta nuna yana kiran ɗansa ya shigo jirgi alhali ruwa ya riga ya taso, kuma ɗan ya ƙi bin addininsa ɗungum. Ɗan ne ya ƙi shiga. Uban bai rufe ƙofa ba.

Hausawa sun taƙaita wannan duka da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Karin maganar ba ta musanta ruɓewar ba, ta amince akwai abin da ke damun mai hannu. Abin da ta hana shi ne yankewa.

Iskar doka da abin da take kaɗawa

Kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961 bai sa saduwar manya biyu masu jinsi ɗaya cikin laifuka ba. Abin da ya hukunta shi ne aikata hakan da wanda bai kai shekara 21 ba. A watan Janairu na 2023 shugaba Mohamed Bazoum ya bayyana niyyar shigar da hukunci cikin sabon kundi, sannan Kundin Sake Gina Ƙasa da hukumomin soja suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya haramta waɗannan ɗabi'u da sunansu. Mali ta yi irin wannan doka a 2024, Burkina Faso a 2025. Najeriya ta riga su: jihohi 12 na arewa sun ɗauki shari'a daga 1999 zuwa farkon shekarun 2000, kuma a Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi.

Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan dokoki, akwai abin da tarihi ya nuna suna jawowa wanda ba a rubuta cikinsu ba. Makonni kaɗan bayan dokar 2014, wasu gungun mutane suka shiga unguwar Gishiri a Abuja da dare, suka fito da samari fiye da 10 daga ɗakunansu, suka yi musu duka, kuma waɗanda suka tsira ba su iya komawa gidajensu ba. A Maraɗi, a watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe ta koma ƙone mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da na ƴan bori, kamar yadda masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bi diddigi. Idan gari ya ɗauki zafi, abin da ake fara kai wa hari shi ne ɗakin kwanan wanda ba shi da mai tsaya masa.

Wannan ya rage wata mafaka da ta daɗe a ƙasar Hausa. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da ƴan daudun Kano a shekarun 1990 ya kuma wallafa littafinsa Allah Made Us a 2009, ya bayyana yadda suke da sana'ar dafa abinci a tasha da kasuwa, da yadda babba yake ɗaukar ƙarami a matsayin ɗiya ya ba shi ɗaki ya koya masa sana'a, da yadda da yawansu suke da mata da ƴaƴa, suna salla, suna zuwa Makka. Wannan tsari, duk da raini da yake sha, yana hana kwanan titi. Da aka rufe irin waɗannan gidaje bayan zuwan shari'a, waɗanda ke cikinsu ba su ɓace ba, sun dai rasa rufi.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa ba za a kwafo maganin Mompeliye a dasa shi a Filinge ba. Gidan da aka rubuta wa suna a ƙofa aka ce na irin waɗannan matasa ne, a garin da kowa ya san kowa, zai zama wurin da za a fara nufa da fetur. Rigakafin da zai yi aiki a Kurfai dole ya faru tun yaro bai ƙetare bakin zaure ba, kuma da kayan aikin da zumunta ta riga ta mallaka.

Rigakafi daga cikin zumunta

Na farkon waɗannan kayan aiki shi ne jinkiri. Kora ɗiyar dare ɗaya ce, ana yanke ta ne a sa'ar da jini ya hau. Bahaushe yana ba baƙo kwana uku kafin ya tambaye shi abin da ya kawo shi, kuma matar da ta yi yaji ana bin ta da biko. Ɗan cikin gida bai kamata ya samu ƙasa da abin da ake ba baƙo ba. Kaka ko gwaggon da ta tsaya ta ce, “Malam, bari gari ya waye,” ta yi rabin aikin.

Na biyu shi ne riƙo. Idan zaman uba da ɗa ya gagara, al'ada ta riga ta san hanyar da yaro yake komawa hannun kawu a Bonkuku, ko gidan yaya a Yamai, ko wurin kaka a ƙauye, ba tare da an kira abin kora ba. Bambancin wannan da kora shi ne akwai babban da ya karɓa, ya san inda yaron yake kwana, ana kuma iya aika masa da hatsi. Kawu yana da matsayi na musamman a nan, domin kunyar ba ta cinsa kamar yadda take cin uba, kuma ɗan ƴar'uwa yana da haƙƙi a kansa da kowa ya sani.

Na uku shi ne kada a tsinke igiyoyin da mutum yake tsayuwa da su: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, rajistar makaranta, kayan sana'a, da rabonsa na gona. Wanda ya fita da keken ɗinki ko takardar shaidar karatu zai iya kama hayar ɗaki. Wanda aka ƙone wa takardu don huce haushi an tura shi hannun duk wanda ya ga dama. A nan malaman lakwal suna da nasu nauyi: malamin da ya ji magana a kan ɗalibi ya riƙe ta, ya nemi wani mai riƙo kafin na farko ya sallame shi, ya ceci shekarun karatu da ba za su dawo ba.

Na huɗu yana wuyan liman da mai gari. Su ne suke iya tsayawa a ƙofar gida su ce wa matasa masu sanduna hukunci ba nasu ba ne, su kuma tuna wa masu yaɗa hoto abin da shari'a ta tanada wa mai ƙazafi. Huɗuba ɗaya a kan rufin asiri tana iya hana gobarar da jandarma goma ba za su kashe ba.

Binciken zamani ya zo ya tarar da wannan hikima a inda take. Caitlin Ryan ta jami'ar jihar San Faransisko, wadda ta yi shekaru tana aiki da iyalai masu riƙon addini, ta wallafa a 2009 cewa matasan da iyayensu suka tsananta musu ƙi sun fi sauran yunƙurin kashe kansu fiye da sau 8. Abin da ya fi amfani a cikin aikinta shi ne ta nuna ko sassauci kaɗan yana rage haɗarin ƙwarai: a daina zagi, a bar yaro ya ci abinci tare da ƴan'uwansa, a hana wasu dukansa. Ba ta nemi iyayen su bar addininsu ba.

Sai dai akwai iyaka da ya wajaba a faɗa. Ba kowane rufi ne gida ba. Ɗakin da ake kulle yaro ana dukansa da sunan magani kurkuku ne, kuma abin da aka gano a wani gidan mari na Rigasa a Kaduna a watan Satumba na 2019, inda ƴan sanda suka fito da mutane kimanin 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa gargaɗi ga mai tunanin miƙa ɗansa irin wannan wuri. Auren dole ma, wanda dangi suke gaggawar ɗaurawa don a toshe bakin mutane, yakan jawo baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba cikin baƙin cikin da ba ita ta haddasa ba, kuma sau da yawa yana ƙarewa da mutum biyu marasa gida maimakon ɗaya. Haka nan rufin asiri yana da farashi a kan wanda aka rufa wa, domin yana nufin ya zauna cikin danginsa da wani ɓangare na ransa a kulle. Wasu za su ce wannan bai isa adalci ba, kuma maganarsu abin saurare ce. Amma mai rai da makwanci da sana'a yana da gobe da zai yi magana a cikinta, shi da ubansa duka.

Ana haifar ɗa, ba a haifar halinsa. Iyayen Kurfai sun daɗe suna faɗar wannan a kan ɓarawo da mashayi da ɗan caca, kuma da wuya a ga sun hana ɗayansu tuwon dare. Uwa takan ajiye masa a rufe ko da ya dawo bayan kowa ya yi barci. Abin da ake nema ga waɗannan ƴaƴa bai wuce wannan ƙwarya da aka saba ajiyewa ba. Hisabin abin da ke cikin zuciya yana wurin Wanda ya halicce ta, amma tambayar inda yaro ya kwana jiya, ita kam, za a yi wa wanda ya haife shi.